Ina neman malamin lesin Turanci ga yarona ɗan aji huɗu

Maman Sadiq (Ɗorayi) ta rubuta:

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka mini.

Yarona shekararsa 9, yana aji huɗu a wata makarantar kuɗi ta nan unguwarmu, irin masu rangwamen nan. Duk ƙarshen zango katinsa da kyau yake zuwa, a Turanci ba ya sauka ƙasa da maki 70. Amma ni dai ban ga inda 70 ɗin nan take ba. In na buɗe masa littafin makarantarsu a shafin da aka riga aka yi musu, tsaf zai rattabo shi, wani lokacin ma yatsansa na kan layi na biyu bakinsa ya kai na huɗu. In kuwa na miƙa masa abin da bai taɓa gani ba, ko rubutun jikin kwalin maganin tari ne ko saƙon da banki ya turo a waya, sai ya kafe a kalmar farko. Ko ya dubi harafin farko ya canki sauran.

Ni ɗinki nake yi a gida. Karatuna a sakandare ya tsaya, Turancin nawa na cika fom ne da karanta saƙo, bai isa in koyar da wani ba. Babansa direban tirela ne, Kano zuwa Legas, sai ya yi kwana da kwanaki ba ya gari. Mun yi magana ya ce in nemo mai lesin zai biya, don burinsa in yaron ya kai aji shida ya zauna jarrabawar NECO ta shiga makarantun tarayya, ko Allah zai sa ya samu FGC ta nan Kano.

Yanzu mutum uku ne a gabana. Malamin ajinsu da kansa ya ce zai riƙa zuwa gida a kan dubu 10 a wata. Akwai ɗan maƙwabciyarmu da ke karatu a BUK, yaron kirki, an ce Turanci a bakinsa ba a magana, shi bai yanka kuɗi ba, ya ce in ba shi abin da ya sauwaƙa. Sai wata malama 'yar kudu da ke Sabon Gari, wata mai kawo mini ɗinki ce ta ba ni labarinta. Ba ta jin Hausa sosai, kuma dubu 25 take so ban da kuɗin mota.

Ga kuma matsalar lokaci. Ƙarfe 2 ake tashinsu, amma makarantar na riƙe su zuwa 3 da sunan lesin, shi ma muna biya. Ya dawo ya ci abinci ya watsa ruwa, ƙarfe 4 sai Islamiyya, sai dab da magariba ya shigo. To ina za a soka sabon malami? Wa zan ɗauka cikin ukun nan, nawa ya dace in biya, kuma ni da Turancin bai ishe ni ba, ta yaya zan gane aiki ake yi ko kuɗina kawai ake ci?

Tsohon Hedimasta (Gwale) ya rubuta:

Wa alaikumus salam. 'Yata, kafin a zaɓi mai magani sai an san ciwon. Shekara 35 na yi a firamare kafin in ajiye alli, kuma abin da kika kwatanta na san shi sarai. Hadda ce. Malami ya karanta, yara su amsa, a yi ta maimaitawa har ya zauna, ranar jarrabawa a kawo shafin nan dai. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa shi ya fi faɗawa cikin wannan, saboda haddar ba ta ba shi wuya, sai ya yi ta wucewa aji zuwa aji ba wanda ya lura bai iya haɗa baƙi ba. Saboda haka ki cire wa ranki cewa yaron daƙiƙi ne.

Ga gwajin da za ki yi yau da daddare, kuma ba ya bukatar ki iya Turanci. Ɗauki takarda ki rubuta masa wani abu da Hausa, misali "Je ka ɗauko mini almakashi a kan keken ɗinki." Kada ki karanta masa, ki miƙa masa kawai ki ga ko zai tashi ya ɗauko. Bayan haka ki aro littafin Turanci na aji biyu a gidan da yaransu ke wata makarantar daban, ki sa ya karanta labari guda, sannan ki tambaye shi da Hausa: wa aka ce ya yi me?

In Hausar ma ta gagare shi, to maganar ba ta Turanci ba ce, karatun ne gaba ɗaya babu, kuma wanda kike bukata shi ne wanda ya iya koya wa ƙananan yara haɗa sauti, ko da Turancin bakinsa ba mai burgewa ba ne. In ya karanta Hausar lafiya Turancin ne ya tsaya, da sauƙi, an rage aiki. In kuma ya furta Turancin tiryan-tiryan amma bai san abin da ya karanta ba, kalmomi ne ba shi da su, wannan kuwa hira da labarai da yawan karatu ke maganinsa, a nan ne ɗan BUK ɗin zai yi rana.

Ni na fi zaton na farko ko na biyu za ki gani. Yawancin makarantun nan sunayen haruffa suke koyarwa, ei, bi, si, di, a yi ta rerawa har zed. Alhali sunan harafi daban, sautinsa daban. Yaron da aka koya wa si, ei, ti ba yadda za a yi ya haɗa su su ba shi cat, sai dai ya haddace kamannin kalmar. Turanci haruffa 26 gare shi amma sautukansa sun haura 40, ba kamar bokon Hausa ba da kusan abin da ka rubuta shi za ka faɗa. Tsarin Jolly Phonics, wanda aka horar da malaman gwamnati a kansa a jihohi da dama, ya kasa su sauti 42, kuma da s, a, t, i, p, n ake farawa, don da waɗannan shidan kaɗai yaro zai haɗa sit da pin da tap da kansa tun kwanakin farko. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san sai an gama babbaƙu ake shiga farfaru, sai an iya ɗora wasali a kan baƙi ake sakin yaro ya ja aya. Shi Sadiq farfarun aka tsallake masa aka miƙa masa sura.

Don haka ko wa za ki ɗauka, ki ce ya zo ya yi darasi ɗaya a gabanki kafin a yi zancen kuɗi. Ki zauna gefe da ɗinkin hannunki ki kasa kunne. Wanda ya shigo ya ce "ina aikin gidan da aka ba ka?" ya kama yi masa, ki sallame shi da godiya. Wanda ya cika allo da ma'anar noun da verb ya ce a kwafa, shi ma haka. Wanda ya fara da gwada yaron, ya rubuta 'yan kalmomi ya ce karanta, ya yi shiru ya bar shi ya yi fama da su, ki riƙe shi. Ki kuma lura bakin wa ya fi motsi a cikin awar. In na malamin ne, da sake.

Malamin ajinsu kuwa, ba zarginsa nake ba, albashin makarantun nan kowa ya san yadda yake, dole mutum ya nemi na cefane. Amma shi ke koyarwa, shi ke fitar da jarrabawa, shi ke ba da maki. Ranar da kika fara biyansa 70 na iya komawa 90, ke kuma kin rasa ma'aunin da za ki gane gaskiya da shi. Kuma hanyar da ta kawo yaron aji huɗu bai iya karatu ba, ita ɗin dai zai biyo ki da ita har gida.

In ba a dace cikin ukun ba, ki tambayi matan unguwa ko akwai mai NCE da ke zaune a gida, musamman wadda ta karanci fannin koyar da firamare a kwalejin ilimi ta Sa'adatu Rimi ko FCE. Suna nan da yawa, wasu aure ya zaunar da su, wasu aikin ne bai samu ba. Ki nemi ganin takardarta, ba rashin kunya ba ne.

Hajiya Mai Atamfa (Kwari) ta rubuta:

Ƙanwata, ni ba malama ba ce, amma na biya kuɗin lesin har na gaji, 'ya'ya biyar ba wasa ba. Ni shawarata ki ɗauki 'yar Sabon Garin nan ko da za ki matse wani wajen. Duk malamin da ke jin Hausa, da yaro ya yi shiru zai juye masa da Hausa, daga nan shi ke nan lesin ya koma hira. Wadda ba ta ji kuwa dole ya buɗe baki, ko da ruwa zai ce zai sha. Autata haka aka yi mata, yanzu ita ke amsa mini waya in 'yan Legas sun kira a kan kaya. Kuma 'yan kudun nan ba sa haɗa p da f. Na gaji da jin yaranmu suna "pipti naira" a gaban mutane. Ni har doka na kafa a gidana, daga la'asar zuwa isha ba Hausa. Baba Hedimasta ya yi mini afuwa, abin da idona ya gani nake faɗa.

Sai abin da ya fi Turancin muhimmanci. Maigidanki ba mazauni ba ne. Ko ɗan maƙwabta ne ko malamin aji, namiji baligi ba zai riƙa shigo miki gida ba sai da tsari, saboda bakin mutane, saboda kuma shi kansa yaron. A yi a zaure ko a tsakar gida inda kowa ke gani, ba rufe ƙofa. Kada ki riƙa tura shi gidan malami shi kaɗai, ko mace ce ki san gidan, ki san su wa ke ciki. Ki faɗa wa yaron a gaban malamin cewa duk abin da aka yi a lesin zai ba ki labari. Maganar duka ma a kashe ta tun ranar farko. Akwai wanda na taɓa ɗauka, a gabana sai fara'a, ashe in na tafi kasuwa ranƙwashi yake zuba musu, har yarinyar ta fara ɓuya a banɗaki da ta ji sallamarsa.

Wannan "abin da ya sauwaƙa" ɗin kuma ki guje shi, da maƙwabta ne fa. Ranar da bai zo ba ba ki da bakin magana, ranar da kika ga ba ya yi ba ki da halin sallamarsa, ƙarshe ku ɓata da uwarsa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. A yanka kuɗi, a faɗi ranaku, a gaban baban Sadiq in ya dawo.

In dubu 25 ta yi miki nauyi, ki nemo mata biyu a layinku masu yara sa'anninsa ku haɗa, kowa ta kawo nata. Amma kada yaran su wuce uku, in sun wuce an koma ajin da aka gudo.

Ɗan Lesin (Kabuga) ya rubuta:

Anti, bari mu masu yin sana'ar mu ma mu tofa, tunda kullum mu ake kai ƙara. Ni na fara lesin ne lokacin yajin aikin ASUU na 2022 da aka shafe wata takwas muna zaune a gida, har yau kuma ina yi kafin a kira mu bautar ƙasa.

Gaskiyar Baba Hedimasta ce, iya Turanci daban, iya koyar da ɗan shekara 9 daban. A sashenmu ba wanda ya koya mana yadda ake fara yaro daga sauti. Wurin wata malamar nazare na je na zauna na ga yadda take yi, na haɗa da kallon bidiyo a YouTube. Don haka ki tambayi ɗan maƙwabciyar taku kai tsaye: ya taɓa koyar da yaron da bai iya karatu ba? In ya ce a'a amma zai koya, ya fi mini wanda zai ce ai abu ne mai sauƙi. Ki kuma tambaye shi aji nawa yake. In ɗan ajin ƙarshe ne, ga jarrabawa, ga rubutun furojek, ga bautar ƙasa na tafe, zai bar miki yaro a tsakiyar hanya. Ko ba ɗan ajin ƙarshe ba, lokacin jarrabawa sai ki yi makonni ba ki gan shi ba, gara ku tsara wannan tun yanzu.

Maganar kuɗi, mutane na mantawa da kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda adaidaita sahu ta koma. Malamar da za ta taso daga Sabon Gari zuwa Ɗorayi ta koma, sau uku a sati, ki lissafa da kanki, kuɗin motar na iya kamo kuɗin lesin ɗin. Kuma mai zuwa daga nesa, ranar da aka yi ruwa ko hanya ta cushe a Kabuga sai dai ki ji uzuri a waya. Na kusa ya fi ɗorewa. Ni a nan ɓangaren, yaro ɗaya, awa ɗaya, sau uku a sati, dubu 15 nake karɓa in wurin da zan je da ƙafa ne. Akwai masu karɓar ƙasa da haka. Na su Nasarawa GRA kuma ba irin cinikinmu ba ne.

Ga abin da ke kashe mana gwiwa. A yi ciniki a kan yaro ɗaya, sati na biyu ka tarar da ƙannensa biyu da ɗan baƙuwa a kan tabarma, wai ai zama kawai za su yi. Wata ya ƙare a ce Alhaji bai dawo ba. Sannan bayan sati uku a tare ka a ƙofa, wai har yanzu ba a ji yana zuba Turanci ba. Yaron da ya kai aji huɗu bai haɗa baƙi ba, ki ba malamin zango guda cur kafin ki yanke hukunci. Kuma abin da za ki fara gani ba surutu da Turanci ba ne. Za ki ga ya fara tsayawa gaban allon shago ko jikin buhun shinkafa yana motsa baki shi kaɗai. In wata biyu suka wuce ba ki ga alamar haka ba, to ki zauna da malamin.

Aikin gidan da Baba ya ambata kuwa, sau da yawa iyaye ne ke matsa mana. Uwa ta ce a fara gama masa na makaranta tukuna kada a dake shi gobe, kafin a gama awa ta cika. In kin ɗauki malami ki ɗauke masa wannan nauyin, ko a ware masa minti goman ƙarshe.

Abban Khalifa (Sharaɗa) ya rubuta:

Ni tambayata ɗaya ce Maman Sadiq, yaron nan yaushe yake wasa? Tun sassafe yana cikin yunifom, ya cire ya sa na Islamiyya. Kada a kuskura a sa lesin bayan magariba, gyangyaɗi za ki biya wa kuɗi, ga wuta ba kullum ba. Yawancin Islamiyyu na hutawa Alhamis da Juma'a, ki kama yammacin ranakun nan biyu, ki ƙara da safiyar Asabar ko Lahadi, duk wadda ba shi da hadda. Minti 40 da yaro mai kuzari ya fi awa biyu da wanda ya gaji. Lesin ɗin makaranta na 2 zuwa 3 kuma ki je ki ji me ake yi a ciki, in ba dole ba ne ki cire shi, kuɗin ya koma wajen sabon malami.

Sannan ki kai shi a duba masa ido. Nawa yaron mun daɗe muna cewa wasa ya yi masa yawa, ashe allon ne ba ya gani daga bencin baya. Tabarau aka ba shi magana ta ƙare. In yana yawan ciwon kunne shi ma a duba, mai koyon sauti da kunne yake aiki.

Tsohon Hedimasta (Gwale) ya sake rubutawa:

Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa, ba abin afuwa a ciki. Maganarki ta tsaron yaro da ta yanka kuɗi ba ni da abin ƙarawa. Ta hana Hausa ce ban bi ki ba.

Na yi aiki da malamai 'yan Gana kafin gwamnatin Shagari ta kori baƙi a 1983. Har yau mutane na cewa rashin jin Hausarsu ne ya sa yaran lokacin suka iya Turanci. Ni da muka zauna ɗakin malamai ɗaya na san ba shi ba ne. Suna shirya darasi kafin su shiga aji, suna bin littafin kowane yaro da jan biro, kuma kullum sai an tashi ɗaya bayan ɗaya an yi karatu a bayyane. Wasunsu ma da Hausarsu suka zo, ta zangon Kumasi, kuma in yaro ya maƙale da ita suke ciro shi.

Autarki, ina kyautata zaton ta riga ta iya haɗa baƙi kafin malamar ta zo, baki ne kawai ya rage a buɗe, kuma a wannan matakin dabararki na aiki. Sadiq bai kai nan ba. Yaron da ke ɓoye cewa bai iya ba, in aka haɗa shi da wanda ba zai iya ce wa "ban gane ba", komawa zai yi ga abin da ya saba, gyaɗa kai da hadda. Manufar ilimi ta ƙasa tun ta 1977 cewa ta yi a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi, Turanci ya zama darasi, daga baya a juya. Gwamnatoci sun yi ta sauya magana a kan wannan, amma dalilin na nan: haɗa baƙi sau ɗaya ake koyonsa. Wanda ya gane b da a na ba da "ba" a Hausa, da wannan ganewar zai shiga Turanci. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a makarantun Bauchi da Sakkwato a kan haka aka gina shi, Hausa tukuna, Turanci ya biyo baya.

Ba ina cewa kada a ɗauki malamar Sabon Gari ba ne. Da yawa daga masu koyarwa a makarantun can sun ƙware a koyar da sauti, in ta zo ta nuna ta iya, madalla. A ɗauke ta don iyawarta, ba don rashin Hausarta ba.

Batun p da f kuma, mu a Hausa ba mu raba su, shi ya sa harshe ke zamewa. Gyaruwa yake. A riƙe 'yar takarda gaban baki, p leɓe biyu ke haɗuwa iska ta fashe ta kaɗa takardar, f kuwa haƙoran sama ke sauka a kan leɓen ƙasa. Amma tunda burin baban yaron jarrabawar NECO ce, ku sani can ba a tambayar furuci. Tambayoyi ne a rubuce, yaro ya karanta da kansa ya zaɓi amsa, har lissafin ma da Turanci ake tambayarsa. Na sha ganin yaro gwanin lissafi ya faɗi lissafi don bai gane me ake so ya yi ba. Daga aji huɗu zuwa shida lokaci ne isasshe in aka fara yanzu, da sharaɗin kada a ɗauko masa tsofaffin takardun jarrabawa a fara sa shi haddar amsoshi.

Maman Sadiq (Ɗorayi) ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, ya raya muku zuri'a. Baba, na yi gwajin. Takardar Hausar ya karanta "je ka" ba wuya, ya zo "ɗauko" ya tsaya, ya yi ta jan haruffan ɗaya-ɗaya. "Almakashi" ta ba shi wuya ƙwarai, amma da ya kai "alma" sai ya yi dariya ya ruga ya ɗauko. Na Turancin kuwa, ƙananan kalmomin da ya saba gani ya faɗe su, sababbin canka yake, kuma da na tambaye shi labarin na lura hoton yake kallo yana ba ni amsa.

Na je makarantar, sun ce lesin ɗin nasu a cikin kuɗin zango yake, ba a cirewa. Na ba malamin ajin haƙuri, na ce babansa bai amince da lokacin ba tukuna. Ido kuma in sha Allahu zan kai shi da zarar baban ya shigo gari.

Sai ga wata sabuwa. Da na yi zancen a gidan suna, aka nuna mini wata baiwar Allah a bayan layinmu, tana da NCE, ta koyar a nazare kafin ta yi aure. Ta ce za ta yi, amma ita ba ta fita, sai dai a kai mata shi gida. Ita da ɗan BUK ɗin duk na ce su gwada a gabana kamar yadda aka ce. Abin da ya rage, wane irin littafi zan saya, kuma ni akwai abin da zan iya yi masa a gida ko in bar wa malama komai?

Tsohon Hedimasta (Gwale) ya amsa:

Alhamdu lillahi, tunda ya ja haruffan da kansa har ya kai, ƙofa a buɗe take. Kada ki sayi littafin nahawu yanzu. Ki sayi littafin rubutu guda na lesin kaɗai, duk zuwa malamar ta sa kwanan wata da abin da aka yi, ko ba ki gane komai ba za ki ga ana gaba ko wuri ɗaya ake. Sai ƙananan littattafan labarai masu manyan haruffa, na gwanjo ma sun isa. Yadda za ki auna, ya karanta shafi ɗaya, in kalmomin da suka gagare shi sun kai biyar, littafin ya fi ƙarfinsa, a ajiye sai gaba. Ba abin kunya ba ne ɗan aji huɗu ya fara da na aji ɗaya, amma kada a yi masa a gaban ƙannensa ko abokansa.

Naki aikin minti goma ne kullum. Ya zauna kusa da ke ya karanta miki da ƙarfi kina ɗinkinki, in ya gama ki ce ya ba ki labarin da Hausa. In ya maƙale kada ki faɗa masa kalmar ko kin san ta, ki ce ya ja sautin. Na Hausa ma ki haɗa masa da su, ki riƙa rubuta masa aiken kanti a takarda maimakon faɗa da baki.

Hajiya Mai Atamfa (Kwari) ta ƙara:

To na ji, a gwada ta bayan layin, amma ki raka shi da kanki ranakun farko ki ga gidan, kuma ki tambaya ko mijinta ya sani ya yarda, kada a fara a tsaya. Littattafan gwanjo akwai su a kasuwar Sabon Gari, ki tafi da shi ya gwada karantawa a wurin kafin ki biya. Ki duba shafukan tsakiya, wasu a yage suke. Kuma duk abin da mai kayan ya faɗa, daga rabi za ki fara tayi.